Tururuwar da Nake Ɗaurawa a Ƙugu

Shekara ashirin da biyu na tsaya gaban injin saƙa a Kakuri.
Ranar da aka garƙame ƙofa
kowa ya fita da rabonsa:
Tanimu da tari,
Barau da kunnen hagu da ya daina amsa sallama,
ni kuma da wannan baƙo a gadon baya,
ɗan hayar da bai taɓa biyan ko sisi ba.

Na kai shi gun wanzami, ƙaho ya sha jinina ya ƙyale shi.
Na shafa man zafi har zanin gado ya koyi yaji.
Ƙwayoyi kuwa, fari da ja,
sun cinye mini ciki kafin su iske inda yake.

Sai ga Kuluwa, autata, wata Laraba,
ta taso daga asibiti da ɗan kwali a jaka.
Abu kamar gidan ashana, da siraran wayoyi biyu,
da faci huɗu masu danƙo, sanyi kamar cikin kwaɗo.
Na ce, "Ni rediyo ne da za ki jona ni?"
Ta ce, "Baba, juya."

Na juya.

Shiru tukuna.
Can sai tururuwa suka taso a jere,
ba cizo, tafiya kawai,
suna hawa suna sauka
daidai inda baƙon ya shimfiɗa tabarmarsa.
Ta ƙara lamba. Uku. Huɗu.
Na ce, "Tsaya nan."
Rabin awa na zauna ina kallon bishiyar gwaiba
kamar jiya aka dasa ta a gidan.

Kada in yi muku ƙarya, bai kore shi ba.
Surutu yake cika shi da shi
har ya mance abin da ya zo faɗa.
In na cire, da la'asar zai dawo,
ya yi gyaran murya, ya zauna.
Kuluwa ma ta ja mini kunne:
ban da wanka da shi, ban da barci da shi,
kuma ranar likita tana nan, ba ta goge ba.

In an ɗauke wuta kwana biyu
jikana Sallau ke kai shi shagon caji a bakin titi,
ya kwanta cikin wayoyin samari
mai shago na tambaya, "Wannan wa ake kira da shi?"
Sallau ya ce, "Bayan kakana."

Juma'ar da ta wuce na bar kujerar roba a gida.
Goshina ya taɓa ƙasa,
karo na farko tun rasuwar uwarsu.
Na daɗe ban ɗago ba,
na kusa da ni ya zaci wani abu ne.

Da dare, kafin in kashe shi,
nakan ji zirinsa a ƙashi,
ƙasa-ƙasa, irin na zauren saƙa in dare ya raba,
auduga na yawo a hasken fitila.
Inji ne ya karya bayan nan,
ga ɗan jikan inji yana lallashi.
Ban ce na yafe ba.
Amma gobe zan taka har gidan Barau,
in zauna ta damansa, in ba shi labari.