Shuɗi Biyu

Shekara goma sha tara ina walda a Muciya,
na san halin wuta fiye da halin maƙwabcina.
In ka kunna gas shi kaɗai
harshen yakan fito rawaya, raggo, mai hayaƙi,
ko gwangwanin madara ba zai huda ba.
Sai ka murɗa kan doguwar tukunya,
ka sakar masa oksijin kaɗan-kaɗan,
ya tsuke, ya yi tsini, ya koma shuɗi,
ya ratsa ƙarfen tirela kamar wuƙa cikin kabewa.
A rumfata, shuɗi albishir ne.

Daren Talata Nafi'u ya ce, Baba, ƙirjina.
Ba ƙafa ba wannan karon, ba gwiwa ba,
ba ciwon da muka saba gasawa da tsumma da ruwan zafi ba.
Na haska shi da fitilar waya.
Leɓensa ya sauya launi,
launin da nake nema kullum a bakin aiki,
ga shi ya biyo ni gida ta ƙofar da ban so ba.

Mai keke ya bi Kwangila, ya bi Samaru,
kowane rami sai yaron ya wage baki
kamar tarwaɗar da aka jefa kan yashin Kubanni.
Lantana na tallabe da kansa, tana karanta abin da ta iya.
Iska cike da gari, har tana kaɗa mayafinta,
amma ta ƙi shiga ƙirjin da bai fi tafin hannu biyu ba.

A Shika, Sista Rifkatu ta sa masa wani abu a yatsa
kamar abin maƙale shanya.
Saba'in da tara.
Ban yi nisa a boko ba, amma na san ma'auni,
na kuma san fuskar wanda ya ga allura ta faɗi.

Likita ya zana mini a bayan kati:
ga ƙwayar jini, kewayayya kamar waina,
ita ke dakon iska daga huhu har ɗan yatsan ƙafa.
In iskar ta yi ƙaranci, ta mai sikila takan lanƙwashe ta zama lauje,
lauje ya sarƙe da lauje, hanya ta toshe,
toshewar ta ƙara rage iskar.
Na ce, kamar Kwangila ranar da tirela ta gicciye.
Ya ce, haka.

Tukunyarsu ta kusa ƙarewa, ana jiran wata daga sito.
Na ce ina da biyu a rumfa, cike, jiya na sayo,
in je in ɗauko?
Sista ta girgiza kai: taka ta ƙarfe ce, Malam,
ba don huhun yaro aka tanade ta ba. Zauna.
Na zauna.
Mai iska tukunya biyu,
ba ni da ko cikin cokali da zan ba ɗana.

Can sai ga kukan ƙafar amalanke a baranda,
wani dattijo siriri na turo ta, hularsa a karkace.
Ban tambayi sunansa ba. Har yau abin yana damuna.

Ruwa ya fara tafasa ba wuta cikin 'yar kwalba.
Tamanin da huɗu.
Tamanin da takwas,
ta koma da shida, na miƙe tsaye,
casa'in da ɗaya.
Wajen kiran asalatu leɓen ya dawo irin na gidanmu.
Da gari ya waye ya ture abin hancin,
wai shi koko yake so.

Jiya na koma rumfa.
Na murɗa kan tukunya, ta yi huci,
harshen ya tsuke, ya yi shuɗi.
Na tsaya ina kallonsa
har mai ƙofar da nake gyarawa ya ce, Malam Sallau, lafiya?
Na ce lafiya.
Na ja numfashi, wanda ba a auna mini ba,
wanda ban biya ko sisi ba,
na sunkuya kan ƙarfe.