Baki Biyar, Ludayi Ɗaya

Sanyin Jos kan shigo ta ƙarƙashin ƙyaure da asuba,
ya tarar da ni tsugune gaban murhu a Gangare
ina lissafin baki biyar da ludayi ɗaya.

Ɗanliti, wata bakwai, haƙori biyu.
Ranar awo Sista Nanret ta naɗa masa tsiri a damtse,
tsirin nan mai launi uku,
ya tsaya kan rawaya, yana leƙen ja.
Ta ce, "Nono kada ki janye,
amma kokon nan tsararo, ruwa ne ya gaisa da gero.
Daka gyaɗa, haɗa da waken suya,
in kin sami ƙwai, ba shi gwaiduwa."
Na ce, ai ƙwai kan sa yaro sata.
Ta yi dariya har ta dafa sikeli:
"Yunwa ke koyar da sata, ba kaza ba."

Sallau, shekara shida.
Da rana ƙwallo, kamar zai tashi sama,
magariba na yi sai lalube,
ya yi karo da turmi, ya yi tuntuɓe da buta.
Dundumi, a gidan mai dakon karas!

Ubansa Tanimu tun duku-duku yana Farin Gada,
buhun karas, buhun kabeji, kwandon tumatir,
duk ta gadon bayansa suke hawa mota su tafi Kudu.
Shi kuwa burodi da lemon kwalba, ya goge baki.
Yanzu na ce masa, ɓarayin da ba a taya ba,
masu ƙafa biyu, masu karaya,
ka cika aljihu ka kawo.
Munin karas bai hana ido ya sha.

Barira ta fara wanka bara.
Na kama ta bayan ɗaki tana gurgurar farar ƙasa.
Na ja fatar idonta ƙasa,
fari fat, kamar cikin kabeji.
Hawan tudun makaranta sai ta huta sau biyu.
Hanta ake so, hanta kuwa sai ranar Juma'a,
ita ma in mahauci ya ji tausayi.
Sauran kwanaki zogale, alayyahu da wake,
in matse lemon tsami a kai,
tana ci tana yatsina, ina tsaye har ta suɗe.

Sai Baba.
Shi da ya haƙi kuza har kafaɗunsa suka san nauyin dutse,
yau tsokar nama ta fi ƙarfinsa.
Haƙori uku, babu biyun da ke fuskantar juna.
Ƙashi na ƙara in zai tashi alwala,
ƙishirwa ma ta daina yi masa sallama,
sai na ajiye kofi a hannunsa.
Gwaten acca nake dama masa ruwa-ruwa,
in marmasa busasshen kifi, in zuba kindirmo.
Jiya na leƙa, ga shi da Ɗanliti a cinya,
cokali ɗaya gare ka, cokali ɗaya gare ni,
dasashi na yi wa dasashi dariya.

Biyar ke nan. Na kankare gindin tukunya,
ƙanzo da ruwa, na ce na ƙoshi.

Shekaranjiya a layin famfo
ƙasa ta juya da ni, bokiti ya yi nasa wuri.
Na farfaɗo kan gadon asibiti,
Sista Nanret tana duban tafin hannuna.
Ta ce, "Lissafa min bakin gidanku."
Na lissafa. Ta yi shiru.
"To wadda ke shayarwa fa, a ina take ci?"

Yau na ɗauko kwano na shida daga saman kwalla.
Ya yi ƙura.
Na wanke shi, na fara zuba masa.