Rasidin Igiya

A gwanjon Piedra Honda, ranar Asabar,
na sayi akwatin kwano dala tamanin.
Mai ƙararrawa ya ce, "Madam Eulalia,
ɓera ya riga ki karanta rabinsu."

Sauran masu tarawa hoton 'yan fashi suke farauta,
mai gashin baki, mai bindiga biyu a ƙugu,
da kuɗin lada rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasa.
Ni ƙananan takardu nake bi,
waɗanda akawun kotu ya rubuta yana hamma.

Ga sammaci, alif ɗari takwas da tamanin da ɗaya:
a kamo Ysidro Luján,
ya kore alfadarai uku daga garken Thaddeus Crewe.
Ba a rubuta cewa ƙanƙara ta kashe masarar bana ba,
amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta
ai ya fi wutar zafi.

Ga sunayen mutum goma sha biyu da suka zauna kansa.
Ga kuɗin abincinsu: wake, gahawa, naman alade.
Ga ikirarinsa, shafi biyu cikin Turanci,
harshen da bai taɓa mafarki da shi ba.
Can ƙasa, inda aka bar masa ɗan fili,
ya ja layi biyu, suka gitta juna.
Bakin alƙalamin ya huda takardar.
Na ɗaga ta saitin taga,
rana ta leƙo ni ta ramin.

Kakata, in dare ya raba, takan ba mu labarin kakanta,
Abundio Sena, wai namijin duniya,
wai dokinsa bai san ƙofar gari ba sai katanga,
wai alƙalai uku sun mutu da sunansa a baki.
Shekara talatin ina tonon akwatuna
ko zan ga inda hukuma ta sa kuɗi a kansa.

Na same shi.
Yana ƙarƙashin akwatin, manne da tsatsa,
takarda ba ta kai tafin hannu ba:
igiya kamu ashirin, sabuwa,
dala ɗaya da santi arba'in,
sabulu na goga mata, santi biyar.
An biya Abundio Sena, mai kanti.

Rubutunsa kyakkyawa ne, Allah ya sani.
Wutsiyar harafin farko ta lanƙwasa
daidai yadda tawa take lanƙwasawa
in na sa hannu a cekin banki.

Na cire safar hannu, abin da ban taɓa yi ba.
Na shafa tawadar. Ba ta kama yatsana ba.

Yanzu suna jaka ɗaya, shi da Ysidro,
farar takarda siririya a tsakaninsu
don kada tsatsar wannan ta ci wancan.
Jikana ya tambaye ni jiya me zan rubuta a bango.
Fensirin yana nan kan tebur.
Har yanzu ban feƙe shi ba.