Azara Goma Sha Ɗaya

Shekara sha tara ina gadin sito a Tudun Jamus,
ina sayar da darena in sayi tuwon rana.
Ran da aka sallame ni, an ba ni takarda da buhun shinkafa,
ba wanda ya tuna ya maido mini barcina.

An ce dare mahutar bawa.
To, ni bawan wa ne?
Garin Malam ta yi tsit, karnuka ma sun gaji,
duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha da rana,
Cima na jan minshari a gefena, ko kunya babu,
ni kuwa ido biyu, ina ƙirga azara.
Sha ɗaya ne. Jiya ma sha ɗaya.

Kyari ya kai ni gun yaron nan mai faranti a bakin Kasuwar Dole.
Ƴar ƙwaya, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Daren farko na faɗi kamar an sare gawo.
Kafin wata ya mutu, ɗaya ta daina jin magana,
na ƙara mata ƴar'uwa.
Gari ya waye, kaina cike da auduga,
na tsaya a sahu ban san raka'a ta nawa ba,
na kira jikana da sunan maƙwabci.

Likita Fanna, a haife na haife ta,
ta juya kwalin a hannu, ba ta yi faɗa ba.
"Baba, shayi kofi nawa?"
Na ce uku.
Cima ta yi tari.
Na ce bakwai.

Ta ce, "Kada ka yar da ita dare ɗaya, jiki zai yi bore.
Yaye za mu yi, sannu-sannu, ni ce mai awo.
Shayi ya tsaya a azahar.
Asuba ka miƙe, ko ka runtsa ko ba ka runtsa ba.
Shimfiɗa kuma ba filin kokawa ba ce:
in bai zo ba, tashi ka ba shi wuri."

Haka na zauna da reza ina raba ƙwaya
kamar mai rabon gado cikin ƴaƴa da yawa.
Rabi. Bayan makonni, rabin rabi.
Akwai daren da na yi gumi, na zagi likita da danginta,
na lalubi aljihun tsohuwar riga ko saura ta maƙale.
Ba ta maƙale ba. Na gode Allah daga baya,
amma a daren ban gode ba.

Tantabaruna suka ƙarasa mini karatun.
Ka miƙa hannu, su tashi.
Ka watsa gero, ka ba su baya, ka shiga gyaran takalminka,
sai ka ji fiffike a kusa da ƙafa.
Ashe duk shekarun nan gadi nake yi har yanzu,
na tsare ƙofa da gora,
shi kuwa barci ɓarawo ne, ba ya shiga gidan da ake tsaro.

Yanzu in uku ta buga ban samu ba, ba na fushi.
Ruwan garin nan ma sai tsakar dare yake zuwa,
in ya ga dama.
Nakan fita tsakar gida, in jera bido shida a gindin famfo,
in zauna bisa turmi ina jin tarinsa, ina jan carbi.
Ya zo, madalla. Bai zo ba, gobe ma rana ce.

Ba zan ce na warke ba.
Wani daren awa biyu, wani daren babu.
Amma shekaranjiya Cima ta girgiza kafaɗata:
"Malam, ruwa ya zo ya koma,
bidonka duk a bushe!"
Rana har ta hau katanga.
Ta yi ta faɗa, ina ta dariya,
na ɗauki dala hamsin na fita neman mai ga-ruwa.