Kamar An Tsaga Kara

Daren Talata, sanyin Yutland na ratsa ƙashi,
alade mai lamba ɗari huɗu da tara ta kwanta naƙuda.
Wata uku, mako uku, kwana uku,
ba ta ƙara ko yini ba.
Na tsuguna da tsumma a ƙarƙashin jar fitila ina ƙirga,
goma sha shida,
sai na ƙarshe da ya zo bai shaƙi iskar duniya ba.

Da wata ya kewayo takardar gwaji ta iso.
Likita Torben ya gyara tabarau, ya sake karantawa.
"Gunvor, biyu daga cikinsu ƙwai ɗaya ne.
Shekara talatin ina wannan aiki
ban taɓa cin karo da irinsa ba."

Ya zana min da alli a jikin bango:
ƙwai bai kai ƙwayar gero ba,
yana yawo a mahaifa mai reshe biyu
kamar baƙon da ke neman masauki,
sannan ya miƙe, ya zama zare siriri
wanda zai fi kamu biyu in an warware.
Kafin nan, in ji shi, cikin duhun da babu shaida,
ɗaya ya tsage.
Ban tambaye shi dalili ba. Shi ma bai sani ba.

Na je na dube su.
Kunne iri ɗaya, lanƙwasar bindi iri ɗaya,
amma wannan ya kama nonon gaba ya yi ɓul-ɓul,
wancan yana can baya, yana tsotson abin da ya saura.

Lahadi na hau bas zuwa Viborg,
gidan tsofaffi, ɗaki na bakwai.
Bodil na bakin taga, gashinta fari fat kamar nawa.
Minti goma sha ɗaya ta ba ni a duniya.
Muna yara ko Inna sai ta duba tabon gwiwata
kafin ta san wadda za ta yi wa faɗa.

Ta ƙura min ido, ta daɗe,
ta ɗaga hannu ta gyara gashinta
yadda ake yi a gaban madubi.
"Kai, na tsufa," ta ce.

Na ce mata, ba sosai ba.
Na ɓare mata lemo, muka raba biyu.