Kwalbar Auna Ruwa

Kwana biyar suka tara mu a Maraɗi,
malamai arba'in, fanka ɗaya mai tari.
Wata madam daga Yamai ta zana duniya a allo,
ta yafa mata bargon hayaƙi,
ta ce mu je mu faɗa wa yara.
Aka sallame mu da littafi da kuɗin mota.

Na koma ajina na zana, gabas da Tibiri,
inda iskar bara ta kwashe rufi har da taswira.
Na rubuta canjin yanayi da manyan baƙaƙe.
Suka kwafa, suka goge da yawu.

Sai Tunau, da ba ya magana, ya ɗaga hannu:
"Mushe, kakata ta ce a da
Gulbi kan yi watanni kwance a gadonsa,
yanzu baƙo ne, ko ruwa ba ya tsayawa sha.
Sau uku muka shuka bana. Shi ne wannan?"

Na duba shafi na sha biyu:
wata farar dabba a kan ƙanƙara.
Babu Gulbi.

Na rufe littafin.
Muka yanke kwalbar roba, muka ɗaure a turke,
Barira ta ja mata layuka da jan biro.
Muka kewaye tohon gawo uku da ƙaya
saboda awakin Nomau.

Daren Talata aka yi ruwa.
Da safe na iske su tsugune,
suna gardama: tara ne ko goma?
Ban raba su ba.

Ƙarshen wata rahoto zai tafi Yamai.
Har yanzu ban ga layin
da zan sa kakar Tunau ba.