Tsagar Bayan Celo

Ni kafinta ne a Nima.
Ƙofa nake yi, da benci, da allon makaranta.
Ban san celo ba
sai ranar da Akwele ta sauko daga torotoro
da shi a goye,
kamar ɗan da zazzaɓi ya kayar.

Ta ce iskar teku ce ta buɗe masa baya.
Na duba: tsaga ce siririya,
ba ta wuce ɗan yatsana ba.
Na ce, "Wannan ai goge ne da ya ci ya ƙoshi."
Ba ta yi dariya ba.
Saura kwana tara a ɗauki sauti,
mai gyaran irinsu kuwa yana ƙetare.

Na dafa mannen fata a gwangwanin madara
yadda Baba Issaka ya koya mini,
na shafa da gashin kaza,
na ɗaure da tsumman atamfa.
Kwana uku yana kwance a shagona.
Na hana yara ƙwallo a bakin ƙofa,
na hana kaina guduma.

Yau faifan ya fito.
Fuseini ya sa mini a wayarsa,
ya cusa mini igiya a kunnuwa,
muna zaune gefen kwata,
mai wake da shinkafa tana kankare tukunya.

Ƙananan gogen ne suka fara, su da yawa,
kamar yayyafi a kan kwanon Mamobi
kafin mata su kwashe shanya.
Sai ƙaho daga nesa.
Sai duk suka ja da baya
kamar an ce ga babba nan tafe.

Ya buɗe baki.
Muryar mutum ce da ya daɗe bai yi magana ba,
ya fara daga ƙirji,
ya hau a hankali, yana tsayawa,
kamar mai hawan bene da kaya a ka.

An ce wanda ya tsara kiɗan ya daɗe a ƙasa,
can inda rana ke ƙyuyar fitowa,
kuma bege ne ya sa shi.
Ban san shi ba, ban san wadda ya rasa ba.
Amma haka Memuna ke yi da dare
in tana ninke kayan yara,
baki rufe, sauti na fita ta hanci,
ba waƙa ba, ba kuka ba.
Bana shekara shida
ban ji ba.

Ni fa ba wannan na zo nema ba.
Aikina na zo duba.
Na kasa kunne ina jiran
inda zai gangara can ƙasa,
inda katako ke rawa har haƙarƙari,
inda manne ke tona asirin mai shi.

Ya gangara.
Na riƙe numfashi.
Ya zauna a wurin, ya daɗe,
mutum arba'in na jiransa,
bayan bai buɗe ba.

Sai dai akwai wata 'yar kaushi,
ƙanƙanuwa, kamar tsakuwa ɗaya a mudun shinkafa.
Fuseini bai ji ba.
Masu na'ura ba su ji ba, da sun goge.
Ni na san ta.
Nan ne hannuna ya yi rawa
da ladan ya kira la'asar.

A jikin faifan an jera sunaye,
har da wanda ya ɗauki hoto.
Na bi su da yatsa har ƙasa.
Ba komai.
Ƙofa ma ba ta faɗin wanda ya rataya ta.

Mai benci ya aiko yaro sau biyu.
Na ce a gaya masa gobe.
Fuseini, mayar da shi baya kaɗan,
daidai inda ya gangara.